Zakka: Hannu da Hannu, Ko ta Hannun Hukuma?

Ranar Lahadi 24 ga Maris, 2024, ana tsakiyar azumi, mata suka yi sammako zuwa ofishin wani attajiri a garin Bauchi, saboda an ji za a raba zakka, naira dubu goma-goma. Turmutsutsu ya ɓarke a bakin ƙofa, aka tattake na tattakewa, daga baya 'yan sanda suka tabbatar da rasuwar mutum bakwai. Mai dukiyar bai nufi kowa da sharri ba, haƙƙin Allah ya so saukewa. Su ma matan ba kwaɗayi ne ya fito da su ba. A wannan watan, in ji Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, farashin kayan abinci ya tashi da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Shekara huɗu kafin nan, a Fabrairun 2020, an yi irin wannan a Diffa ta Jamhuriyar Nijar, inda mutum ashirin, mata da yara, suka rasu wajen rabon tallafi ga 'yan gudun hijira.

Duk lokacin da haka ta faru, tsohuwar muhawarar nan takan taso a masallatai da gidajen rediyo: shin mai dukiya ya ci gaba da raba zakkarsa da hannunsa, ko ya miƙa ta ga hukuma ta raba masa? Kowane ɓangare yana da malamansa, yana da hujjojinsa, kuma yana da abin da ba ya so a taɓo.

Masu goyon bayan hannu da hannu sukan fara da cewa taron bakin ƙofa ba shi ne asalin al'adar ba. Asalin yana can inda ba a gani. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Dawanau, idan shekarar dukiyarsa ta zagayo, yakan rufe shago da wuri, ya zauna da littafinsa, ya ƙiyasta kayan da ke sito, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Sannan ya jawo wata takarda da ba ya nuna wa kowa. A ciki akwai sunan matar maƙwabcinsa da ya rasu ya bar mata yara shida, akwai tsohon abokin kasuwanci da gobara ta karya, akwai ɗan ƙanen mahaifinsa da bashin asibiti ya sha kansa. Bayan sallar isha'i sai ya aiki yaro da ambulan, ya ce a kai wa Hajiya, kada a tsaya jiran godiya. A ƙauye kuwa, ranar da aka ɗaure gero, manomi yakan ƙirga dami, cikin kowane goma ya ware ɗaya gefe, kuma tun kafin jaki ya iso ya san gidan da za a sauke shi.

Wace hukuma ce, in ji su, za ta san waɗannan mutanen? Wanda ya fi kowa buƙata sau da yawa shi ne wanda ba zai taɓa cike fom ba. Magidanci ne mai wanke rigarsa ɗaya ya goge ta ya fita masallaci, ba wanda ya san gidansa an kwana biyu ba a ɗora tukunya ba sai maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba su. Idan aka ce sai ya je ofis ya tsaya a layi, a ɗauki hotonsa riƙe da buhun shinkafa a baza a Facebook, ya gwammace ya kwana da yunwa. Wannan hujja tana da nauyi, kuma masu ƙin ta sukan yi saurin wuce ta. Sutura wani ɓangare ne na taimako. Ga kuma ladar zumunci da ke tattare da ba ɗan'uwa wanda ciyar da shi bai wajaba a kan mai bayarwa ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce amana, kuma a nan ba sa rasa misali. A azumin 2017 Saudiyya ta aiko wa Najeriya tan 200 na dabino domin waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Ba a jima ba aka ga dabinon ana sayarwa a kasuwa, har sai da gwamnatin tarayya ta ba Saudiyya haƙuri. A watan Yunin 2017 ɗin, fadar shugaban ƙasa da kanta ta ce cikin kowace mota ɗari ta abinci da ake turawa arewa maso gabas, fiye da hamsin ba sa isa inda aka nufa. Mutumin da ya ji wannan da kunnensa, yaya za a ce ya ɗauki rukuni na uku na addininsa ya damƙa wa ofishin da gwamna ke naɗa shugabansa? Ana ƙorafin cewa a wasu wurare sunayen masu karɓa ta hannun 'yan siyasa suke fitowa, kuma ko ƙorafin gaskiya ne ko zargi, ya isa ya sa attajiri ya maƙe hannu.

Tarihi ma yana taya su. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya fito da dokar haraji ta 1906 wadda ta haɗe kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa wuri guda, har da zakkar hatsi. Abin da yake ibada ya narke cikin haraji, masu tsoron Allah kuma suka koma fitar da zakkarsu daban, su kai wa wanda suka ga ya dace. Fiye da shekara ɗari ke nan ana haka. A fiƙihu ma suna da madogara: malamai sun ruwaito cewa da dukiya ta yawaita a zamanin Halifa Usman ɗan Affan, ya bar wa mutane fitar da zakkar dukiyarsu ta ɓoye, wato zinariya da azurfa da kayan fatauci, hukuma ta tsaya ga abin da ido ke gani, dabbobi da amfanin gona. Kuma suna nuni da Pakistan, inda Janar Ziya'ul Haƙ ya kafa doka a 1980 cewa a riƙa cire kashi biyu da rabi cikin ɗari daga asusun ajiya na banki ranar ɗaya ga Ramadan. 'Yan Shi'a suka yi zanga-zanga a Islamabad aka cire su daga dokar, wasu masu ajiya kuma suka koyi kwashe kuɗinsu kafin ranar su mayar bayanta. Tilas ba ta haifar da tsoron Allah ba, dabarar kaucewa ta haifar.

Ɗaya ɓangaren bai musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da yake cewa shi ne, zakka tun farko da ma'aikata aka saukar da ita. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukunin mutane takwas da ake ba zakka, kuma na uku a jerin su ne masu aikin tattara ta. Da ba a nufi tsari ba, da ba a yanka wa ma'aikaci kaso ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa tura masu karɓar zakka zuwa ƙabilu, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal ƙasar Yaman da umarnin karɓa daga mawadata a mayar wa matalautansu. Halifa Abubakar ya ɗaura yaƙi da waɗanda suka ƙi miƙa ta. A ƙasar Hausa ma, Daular Usmaniyya tana da Sa'i, jami'in da ke bin makiyaya yana karɓar zakkar dabbobi, sarautar da har yau ake naɗawa a Katsina. Saboda haka, a ganinsu, hannu da hannu rangwame ne da larura ta kawo, ba shi ne tushe ba.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a bakinsu ba ta tarihi ba ce. Tambaya ce mai sauƙi: wanda ba shi da attajiri a unguwarsu fa?

Dukiya tana Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Yunwa kuwa ta fi tsanani a ƙauyukan Zurmi da Jibiya da Sabon Birni, inda 'yan bindiga suka hana noma, da sansanonin 'yan gudun hijira na Borno. Ƙididdigar talauci da gwamnati ta fitar a Nuwamban 2022 ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Najeriya, miliyan 86 daga cikinsu a arewa suke, jihar Sakkwato kuma ita ce kan gaba da kashi 91 cikin ɗari. Matar da ta gudo daga ƙauyensu da goyo a baya, ta sauka a kangon gini a gefen gari, ba ta cikin takardar kowane ɗan kasuwa. Maƙwabtan da suka san ta su ma a guje suke. A Yunin 2016, da likitocin ƙungiyar MSF suka samu shiga sansanin Bama, sun tarar da mutum kusan 24,000, kuma kusan ɗari biyu sun rasu cikin wata guda, yawanci saboda yunwa da gudawa. Tun da aka fara rikicin Boko Haram ake fitar da zakka kowace shekara a biranen arewa, amma ba ta da hanyar isa Bama, domin ambulan ɗin dare iyakarsa unguwa.

Shekaru da dama ƙungiyoyin ƙasashen waje ne suka toshe wannan giɓi, kuma yanzu suna janyewa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage abin da suke bayarwa. A watan Yuli na shekarar, Shirin Abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi gargaɗin cewa kuɗi sun ƙare, mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas na iya rasa tallafin abinci. A wannan watan dai MSF ta ce yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Katsina ce fa, ƙasar da ba ta rasa attajirai ba, ba ta rasa malamai ba. Abin kunya ne ga al'ummar da Allah ya wajabta wa ciyar da matalautanta a ce ran ɗanta ya dogara ga abin da majalisar wata ƙasa ta yanke a kasafin kuɗinta. Yaron da tamowa ta kama yana buƙatar abinci na musamman da ma'aikacin jinya da gadon asibiti na makonni, kuma wannan aikin tsari ne, ba aikin mutum ɗaya ba.

Sai batun gutsuttsurawa. Attajirin da zakkarsa ta kai naira miliyan hamsin, idan ya raba ta dubu biyar-biyar, mutum dubu goma za su samu, kowa ya yi cefanen kwana biyu, baɗi su dawo da ƙannensu. Da an ba mutum ɗari rabin miliyan kowanne, da wani ya sayi keken ɗinki, wata ta sayi injin markaɗe, wani ya haɗa shanun huɗa. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a nan, sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara guda. Mai dukiya ya san haka, amma yana tsoron bakin mutane: idan ya ba ɗari ya hana dubu tara da ɗari tara, gobe ba zai iya fita ƙofar gidansa ba. Hukuma ko kwamiti ne ke iya ɗauke masa wannan nauyin. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Zakkar da ake karɓa daga hannun mutum ɗaya kowace shekara takan mayar da mai karɓa yaron gida, ya riƙa zuwa gaisuwa, ya kasa faɗin gaskiya a gaban Alhaji, alhali haƙƙinsa ne aka ba shi. Wasu ma sukan fake da zakka su biya direba da mai gadi abin da ya kamata a ce ƙarin albashi ne, wasu su kai wa malamin da ya fi su wadata don neman addu'a.

Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin Malesiya. A 1991 aka buɗe cibiyar tattara zakka a Kuala Lumpur wadda ake tafiyar da ita kamar kamfani, da kwamfuta da rasit da rahoton shekara. Ma'aikaci yana iya cewa a riƙa cire zakkarsa daga albashi, kuma abin da ya biya ana rage masa shi daga harajin gwamnati. Indunusiya ta kafa hukumarta ta ƙasa, BAZNAS, a 2001. A nan gida, Kano ta samu majalisar zakka tun 1982, Zamfara ta kafa hukumar zakka da waƙafi bayan ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ta mayar da kwamitinta cikakkiyar hukuma a 2016, wadda aka san ta da biyan kuɗin magani ga marasa ƙarfi da kula da marayu da masu taɓin hankali. A masarautar Dutse kuwa, hakimai da dagatai da limamai ne ke tattara zakkar hatsi da dabbobi, a raba ta a gundumar da aka tara ta, a gaban mutanen da suka san juna.

To ina gaskiya ta fi rinjaye?

Abu na farko da ya kamata masu kare hukuma su amsa shi ne, bayan shekaru masu yawa da kafa waɗannan hukumomi, abin da suke tarawa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da dukiyar da ke juyawa a kasuwar Singa kaɗai. Wasunsu da kuɗin da gwamnatin jiha ke ba su suke yawancin ayyukansu. Manyan masu kuɗi ba su ƙi zakka ba. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya rasu a Yunin 2025, duk Kano ta san yadda yake fitar da tasa. Ofis ne ba su yarda da shi ba, kuma yarda ba a kafa ta da doka. Abin da ya sa tsarin Dutse ya samu karɓuwa shi ne manomi yana ganin inda buhunsa ya tafi. Abin da ya sa na Malesiya ya bunƙasa shi ne rasit da lissafi a fili. Duk hukumar da ba za ta iya buga abin da ta karɓa da abin da ta raba da abin da ta kashe wa kanta ba, ba ta da bakin zargin attajiri. Imam Shafi'i ya iyakance kason ma'aikata ga ɗaya bisa takwas, kuma ko a mazhabar da ba ta sa wannan iyaka ba, mai bayarwa yana da haƙƙin sanin nawa ne ya tafi ga man mota da alawus.

Ƙungiyoyin duniya sun gane wannan da wuri. Lokacin da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe asusun zakka a 2019, sai da ta nemi fatawar malamai, ta kuma yi alkawarin cewa ba za ta taɓa ko kwabo na zakka don albashi ko hidimar ofis ba. Ana iya jayayya kan dacewar miƙa zakka ga hukumar da ba ta Musulunci ba, kuma malamai sun yi, amma darasin a bayyane yake: sun san sai sun nuna lissafi kafin Musulmi ya saki kuɗinsa.

Su kuma masu kare hannu da hannu, akwai inda hujjarsu ke tsayawa. Tana da ƙarfi a kan ambulan ɗin dare, ba ta da ƙarfi ko kaɗan a kan taron bakin ƙofa. Wanda ya tara mata dubu a rana, suna azumi, 'yan sanda na korarsu da bulala, ya riga ya zubar da suturar da ake kafa hujja da ita, kuma bai san ko ɗaya daga cikinsu ba balle a ce sani ne ya sa ya raba da kansa. Haka nan dokar Malikiyya ta cewa a raba zakka a inda aka tara ta, wadda ake yawan kawowa, tana da togiya: idan akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani wuri, ana kai musu. Da wuya a samu malamin da zai ce mai neman na cefane a Fagge ya fi uwar da ɗanta ke kwance da tamowa a Jibiya buƙata.

Ambaliyar Maiduguri ta nuna yadda hanyoyin biyu ke buƙatar juna. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a daren 9 zuwa 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya mamaye wurare irin su Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu, mutanen gari ne suka fara kai ɗauki: matasa suka shiga ruwa suna fito da tsofaffi, mata suka ɗora manyan tukwane a unguwannin da ruwa bai kai ba, magidanta suka buɗe ɗakunansu ga baƙin da ba su taɓa gani ba. Babu ofishin da zai yi wannan saurin. Amma da gudummawar biliyoyin naira ta fara shigowa daga attajirai da jihohi, dole ta sa aka kafa kwamiti, aka bi gida-gida ana rubuta asara, domin ba wanda zai iya raba wannan da hannunsa. A nan ne kuma ya kamata a tuna da waƙafi, wanda aka yi sakaci da shi a ƙasar Hausa. Yawancin malamai sun ce zakka sai an mallaka wa mabuƙaci, ba a gina asibiti ko rijiya da ita. Waƙafi ne ke wannan aikin, tun daga rijiyar Ruma da Usman ya saya wa mutanen Madina da gonar Halifa Umar ta Haibara.

Hukuncin da wannan muhawara ta kai mai rubutu gare shi bai yi nisa da abin da aka yi a zamanin Usman ba. Kada gwamnati ta tilasta wa kowa, domin ba ta riga ta cancanci wannan amanar ba. Mai dukiya ya riƙe wani kaso ya kai wa 'yan'uwa da maƙwabtan da ya san sirrinsu, a ɓoye, kuma ya ba su abin da zai tsayar da su da ƙafarsu. Kaso mafi girma, musamman na manyan attajirai da kamfanoni, ya bi ta hannun kwamiti ko gidauniyar da ke da malamai da akantoci, wadda ke buga lissafinta kowace shekara, kuma take iya kai abinci da magani Zurmi da Bama. Idan babu irinta a gari, attajirai goma sun isa su kafa ta. Rabon bakin ƙofa kuwa a daina shi gaba ɗaya, ko da za a ce Alhaji ya yi rowa, tunda yau ana iya tura wa mace kuɗinta ta waya ko ta hannun mai unguwa da limami tana zaune a ɗakinta.

Ga malamai masu tafsiri, kafin azumi mai zuwa ya kama, su ware zama guda su yi wa masu kuɗi bayanin wannan dalla-dalla. Ga shugabannin hukumomin zakka na Kano da Sakkwato da Zamfara da sauran jihohi, su liƙa lissafin bara a ƙofar ofis, su karanta shi a rediyo, kafin su sake neman kowa ya kawo zakkarsa.